Shekarar da Muka Ci Injin Jirgin Sama

Lahadin farko bayan ƙaramar Sallah, a 1994, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, muka fito da injin jirgin sama daga gidanmu a Birik. Wanda bai san unguwar ba zai ce ƙarya nake yi. To, ya ce. A takarda Briqueterie ake rubutawa, mu 'yan Yawunde Birik muke cewa, kuma lungunanta a lokacin ko baro da ƙyar yake wucewa. An yi ruwan farko da asuba, jan taɓo ya cika hanya, majiya ƙarfin unguwa suka ɗauko injin a kan gindinsa na ƙarfe suna nishi suna zamewa suna zagin juna. Ni ina gaba, shekarata goma sha uku, ina riƙe da gwangwanin tumatir da kile, wato sufanar kwance buji, abin da wasu ke ce wa fulogi. Aka dire shi a filin da muke buga ƙwallo, aka ɗaure gindin da sarƙar babbar mota a jikin mangwaro. Mai injin, Baffa Garba, yayan mahaifina, yana tafe a baya cikin tsohuwar shuɗiyar rigar aikinsa, yana tari. Mahaifina kuwa ya tsaya can gefe, hannuwa a baya, bai kalli kowa ba. Magana ɗaya ce a tsakaninsu, duk unguwa ta san ta: in injin ya tashi, an bar wa Baffa abinsa. In bai tashi ba, gobe Litinin yana cikin wuta, ya zama tukwane.

Mu masu zubin tukwane ne. Kakanmu daga arewa ya sauko tun kafin a haifi Baba, ya kama wuri a gangaren da ke duban rafi, ya bar wa 'ya'yansa gida mai ɗaki biyar da rumfar kwano. A rumfar nan Baba yake narka dalma. Duk abin da yake fari mara nauyi abincinmu ne: fasasshiyar tukunya, murfin injin mota, tsohon kwanon rufi, gwangwanin lemo. Aikina tun ina ƙarami shi ne tankaɗe ƙasar zubi, in yayyafa mata ruwa har ta riƙe in an dunƙule, sannan in zauna in juya ƙafar keken da ke hura wuta har kafaɗata ta mutu. Baba da yaronsa Dogo, wani mutumin Garwa mai Hausa rabi Fillanci rabi, su suke danna ƙasar a akwati, su zuba ruwan dalma, su fasa, tukunya ta fito da toka a jikinta. Sai a ba ni zarto in goge bakinta. Da safe kafin lakwal, wato makaranta, in ɗebo ruwa a famfon bakin titi, da yamma in bi bola ina tsintar gwangwani. Hannun Baba kamar itace yake. In abu ya ƙi fita, guduma yake nema. Haka aka koya masa, haka ya ci abinci duk rayuwarsa, kuma ban taɓa ganin ƙarfen da ya gagare shi ba.

Baffa Garba shi kaɗai ne a zuriyarmu bai yi zubi ba. Yana saurayi ya bi wani tsohon Bature makaniki a wajen tsohon filin jirgi, inda Turawa suke da ƙananan jirage na shaƙatawa, masu ɗaukar mutum biyu. Ya fara da wanke ƙarafa, ya ƙare shi ne hannun Baturen. A cikin jiragen akwai wani tsoho tukuf, na katako da ƙyalle, wanda tun a lokacin ma ana yi masa dariya. Ruwan Yawunde ya ruɓar da ƙyallen, gara ta ci fiffiken. Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya ciro injin da farfelarsa ya ba Baffa, ya ce sallamarsa ke nan. Wasu sun ce an cuce shi. Baffa bai taɓa ganin haka ba. Ya kawo shi gida a bayan mota, ya ɗaure shi a kan guntun ƙashin babbar mota, ya kafa masa rumfa a kusurwar tsakar gida kusa da madafa. Daga baya aikin filin jirgin ya ƙare, matarsa ta rasu, 'yarsa guda ta yi aure a Ngaundere, ya rage daga shi sai injin, yana gyaran keken ɗinki da risho in an kawo, yana ci daga tukunyar uwata.

Injin ba irin na mota ba ne. Na mota silindojinsa a jere suke, kai a sama. Wannan guda biyar ne, sun zagaye cibiya ɗaya kamar yatsun hannu a buɗe, ɗaya yana duban sama, biyu a gefe, biyu suna duban ƙasa, kowanne da ƙaya-ƙayan ƙarfe a jikinsa don iska ta sanyaya shi, ba ruwa. Shi ya sa Baffa yake ce masa Tauraro. Duk Juma'a in an sauko masallaci, kafin ya ci abinci, sai ya yaye buhunan da ya rufe shi, ya kira ni. Tun ina shekara bakwai aikina ne. In durƙusa in tara gwangwanin tumatir, ya kwance bujin silinda biyun ƙasa, mai ya tsiyayo baƙi-baƙi, a hankali, kamar zuma. Sai ya mayar, ya kama farfelar katako da tafin hannu, ya juya ta sannu, yana saurare da kai a karkace. Ya ce min dalilin sau ba adadi. In injin ya kwana biyu a tsaye, mai yakan silalo ya taru a kan silindojin da suke kife. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. In fistan ya sauko ya tarar da mai a gabansa, ba shi da wurin zuwa, kuma in ka tilasta, sandar da ke tura shi ce za ta lanƙwashe a ciki, inda ido ba ya gani. "In ya yi tauri, Habu, ka tsaya. Ba gardama yake yi ba, magana yake yi maka." Wannan ce dokar, babu ta biyu.

Yaran unguwa sun sha yi min ba'a. A lakwal suna ce min pilot, su buɗe hannuwa su zagaye ni suna ƙugi. Ban damu ba, don a wasa ni ne sarki. Kowa yana ƙera motar gwangwanin sadin da tayar silifa, ni jirgi nake ƙerawa da ɓargon tukurwa, in liƙa masa murfin kwalba biyar a hanci, in sa farfelar kwali, in ruga gangara ta juya. Mukan hau tudun Tsinga mu jira ko jirgi zai gifta, in ya gifta in gaya musu irin injinsa, ƙarya da gaskiya. A shekarun da ake da hali, Baffa yakan tayar da Tauraro sau ɗaya bayan Sallah, mutane su taru kamar biki. Ni abin da na riƙe daga wannan kaɗan ne, ina goye ne ko ina rarrafe: ƙara, da hayaƙi, da zanin wata mata da ya tashi. Tun da lakiriz ta shigo, wato matsin nan da ya kama ƙasa, ba a ƙara tayar da shi ba. Amma Juma'a ba ta taɓa wucewa ba. Baffa yakan ce in na san wannan injin, babu wanda zai gagare ni a duniya, kuma ranar da na girma nawa ne. Ni kuwa na yarda. Ba ni da wani gado da nake jira.

Lakiriz ba rana ɗaya ta zo ba. Ta zo kamar ɗigon rufi, yau nan, gobe can. Aka sallami mutane daga aiki. Aka rage albashi, aka sake ragewa. Mutumin da da yake zuwa da mota ya sayi tsire a Birik, sai ga shi da takalmi mai ƙura yana sayar da gwanjo a kasuwar Mokolo. Sannan aka karya sefa, komai na shago ya haura. Da farko Baba ya ɗauka alheri ne gare mu, tunda tukunyar waje ta fi ƙarfin mutane. Sai dai dalmar ce ta ɓace. Duk garin ya koma tsintar bola, har masu digiri. Wanda da yake jefar da fasasshiyar tukunya, yanzu liƙe ta yake yi. Abin da ya rage na sata ne: wayar lantarki, allon titi, murfin tukunyar maƙwabta. Ana kawowa da sassafe a buhu, Baba ya ce a fita masa da shi. Wutar rumfarmu ta mutu, toka ta yi sanyi har kyanwa tana kwana a ciki. Aka cire ni daga lakwal a aji biyar, ban koma ba. Abinci ya koma sau ɗaya, rogo ko ayaba dafaffe da manja, ran da babu manja sai da gishiri. Ƙanwata Hadiza, ta goye, zazzaɓi ya kama ta a farkon shekarar, aka yi ta jiƙa ganye, kafin a kai ta asibiti ta tafi. Ba na son tsawaita wannan.

Bayan rasuwarta Inna ta daina magana sosai. Amma madafarta tana kusa da injin, kuma ita matar mai zubi ce, ta san dalma in ta gan ta. Cikin injin dalma ne, kawunan silindojin dalma ne, fistan ɗin ma haka, kuma dalmar fistan ita ce sarauniya a wajen masu zubi. Sai ya zama in ta zuba wa Baffa abinci, ta ajiye kwanon a kan gindin injin, ba a ƙofar ɗakinsa ba kamar da. Baffa ya gane. Baba ma ya gane, ya yi ta kewaye-kewaye cikin azumi, don ƙane ba ya buɗe baki ya ce wa yayansa ba ni abinka. Rannan bayan la'asar, ina tankaɗe ƙasar da ba za a yi zubi da ita ba, ya zo ya tsuguna a gaban Baffa.

"Yaya, yaran nan sun rame."

"Ina da ido, Hamidu."

"Ƙarfe ne, Yaya. Shekara nawa yana cin wuri."

"Ƙarfe shi ne wanda ya mutu. Wannan da ransa."

Baba ya tsinci tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, "To, a gwada. In ya tashi, inji ne, wallahi ba zan ƙara ɗaga maganar ba, ko za mu ci ƙasa. In bai tashi ba, ka bar min." Baffa ya ce ya yarda, bayan Sallah. Dogo ya ji, kafin magariba mai shayi ya ji, ke nan kowa ya ji.

Baffa ya sayar da rediyonsa da babbar rigarsa ta Sallah. Ya sayo fetur ɗin kwalba na bakin titi, wanda ake ce wa zuwa-zuwa, ya tace shi sau da yawa da tsohuwar hula. Ya sayo sabon man inji. Muka wanke buji da buroshin haƙori, ya kankare wayoyin maganeto, abin da ke ba da wuta, ya sa ni in riƙe waya ya juya, ta fizge ni har gwiwar hannu, ya yi dariyar da ta ƙare da tari. Tarin nan tun azumi yake cinsa, in ya kama shi sai ya dafa bango, numfashi ya ɗauke. Ranar Juma'a muka tsiyaye tsohon mai, ya cika tankin da sabo har wuya, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya ce min ranar Lahadi, kafin komai, za mu ƙara kwance bujin ƙasa, don sabon mai ya fi tsoho saurin gangarowa.

To ga mu a filin, ranar Lahadin. Mutane sun cika, har daga Nkomkana, har mahautan Etudi da suka kawo nama. Yara a kan mangwaro, mata a bakin katanga, wata mata 'yar ƙabilar Ewondo mai soya benye, wato fanke, ta bar kaskonta a wuta ta zo. Ana ta surutu da Hausa da Faransanci, wani yana cewa yau sai Makka ba biza, wani yana cewa a riƙe mangwaron kada ya bi su. Baffa ya yaye buhun farfela, ya duba ko an kashe wuta, ya sa tafin hannu ya fara juyawa sannu, yana son ya ji jikin injin kafin mu kwance. Ta tafi rabi, ta tsaya cak. Ya sake ta nan take, yadda doka ta ce, ya juyo gare ni ya miƙa hannu yana neman kile. A nan tarin ya kama shi. Ya durƙushe, ya dafa ƙasa, bai iya furta ko kalma ba.

Jama'a ba su san komai ba. Abin da suka gani shi ne tsoho ya tura katako ya kasa, ya faɗi. Aka fashe da dariya. Wani saurayi a kan mangwaro ya ɗaga murya, "Pilot ya yi faci! A kawo masa kunu!" Na ga wuyan Baba ya kumbura. Shi ne mutumin da in injin ya ƙi tashi ya ci riba, amma ba zai tsaya a yi wa yayansa dariya a gaban mahauta ba. Ya tako da sauri, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Dogo, kama." Na yi ihu, "Baba, a'a, ya yi tauri!" Ya ce, "Matsa, yaro," ya ture ni da gwiwa. Su biyu suka rataya a bakin farfelar da duk nauyinsu, ta ƙi, suka ja baya, suka sake fizga kamar masu kayar da sa. Ta wuce. Na ji wani ɗan sauti a ciki, ƙas, bai kai ƙarar tsinken ashana ba. Jama'a suka yi tafi.

Baffa ya ɗago kai. Idonsa ya yi ja don tari. Ya dubi farfelar, ya dubi ƙanensa da ke haki yana murmushi, ya daɗe. Sannan ya ce, "Madalla, Hamidu. Ka taimake ni." Ya karɓi kilen, ya kwance bujin ƙasa. Mai ya zubo, ba ɗigo ba, zuba, ya cika gwangwanin ya malala a hannuna. Ya mayar da bujin. Ya juya farfelar da kansa zagaye ɗaya, kai a karkace, kuma da ta zo wani wuri na ga ya rufe ido. Na ce a hankali, "Baffa." Ya ce, "Riƙe gwangwaninka."

Ya nuna wa Baba inda zai tsaya, yadda zai ja ya koma baya kada katakon ya sare shi. Shi ya zagaya baya ya kama wayar mai. Aka kori yara. Ya kunna wuta, ya ɗaga murya ya ce, "Kontak!" Baba ya ja. Shiru. Ya sake. Injin ya yi atishawa, farin hayaƙi ya fito. Ya sake, ya sake, gumi yana zuba. Sai silinda ɗaya ta kama, ta biyu ta amsa, suka yi ta tuntuɓe kamar masu bin liman a makare, sannan duka biyar suka haɗu.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba, har yau. A ƙirji ake jinsa kafin kunne. Farfelar ta ɓace, sai inuwa. Sarƙar ta miƙe, mangwaron ya girgiza, ganye da ɗanyun 'ya'ya suka yi ta zuba, taɓo ya tashi ya watsa wa na baya, huluna suka yi sama, kaji suka haura katanga, wani kwanon rufi ya ɗaga ya kife. Mata suna guɗa. Mai benye tana rawa da matsami a hannu. Na dubi Baba, mutumin da ya faɗi a caca, yana dariya da baki buɗe, hawaye a fuskarsa, yana nuna yayansa yana faɗa wa mutane abin da ba mai ji. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin Hadiza. Baffa kuwa bai yi dariya ba. Yana tsaye da wayar a hannu, rigarsa tana kaɗawa, yana saurare. Bai ƙara mai ba, bai kuma kashe ba. Ni da na san abin da nake nema, na fara jin ƙwanƙwasa a ƙarƙashin rurin, kamar ana buga ƙofa daga ciki. Ta ƙaru. Sai ƙara ɗaya, kamar an harba bindiga a ɗaki. Silindar ƙasa ta hagu ta tsage, mai ya fesa a jikin mangwaro, farfelar ta yi rawa ta tsaya. Duk abin bai fi a ci kwanon tuwo ba.

Filin ya yi tsit, sai ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Baba ya zo, ya ce, "Ya tashi, Yaya. Kowa shaida ne. Na bar shi." Baffa ya goge hannu a riga. Ya ce, "Ya tashi, ya kuma mutu. Yanzu ƙarfe ne. Ka sa a nemo gawayi." Mutane suka fara kawo dalili, wannan ya ce zuwa-zuwa ce, wancan ya ce sammu. Baffa ya ce, "Tsufa ne," ya juya ya bi lungu.

Bai yarda a sa guduma ba. Shi da ni muka kwance shi, ƙusa bayan ƙusa, muka jera a kan buhu, dalma gefe, baƙin ƙarfe gefe. Da muka zo silindar da ta tsage, ya tura Dogo sayen goro. Ya zaro sandar. Ta karye biyu, amma kowane guntu a lanƙwashe yake kamar lauje, kuma duk mai aikin ƙarfe in ya gani ya san lanƙwasa ta riga karaya. Ya naɗe ta a tsumma, ya sa min a hannu, ya ce in kai rafi in jefa inda ya fi zurfi. Na ce, "Baffa, ai Baba ne." Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ubanka mai zubi ne. In ƙarfe ya ƙi, ƙarfi ya sani. Kuma don ni ya yi. Ka taɓa jin na ce wani abu?" Na ce a'a. Ya ce, "To kai ma ba ka ji ba." Na tambaye shi, tunda ya sani, me ya sa ya bari aka tayar. Ya ce ko ya bari ko bai bari ba sandar ta riga ta tafi, kuma babu inda za a samo wata a duniyar da ya sani. Gara ya mutu yana magana.

Litinin ɗin wuta ta kama a rumfarmu. Ni na juya keken. Na ga kawunan Tauraro suna zama a cikin kasko, ƙaya-ƙayansu suna kwanciya, har suka zama ruwa mai ƙyalli kamar kowane murfin mota. Tukwanen da suka fito Baba bai taɓa zuba irinsu ba, santsi, babu rami ko ɗaya, in ka ƙwanƙwasa sai su yi ta amo. Masu abincin sayarwa a Mokolo suka kwashe. Da abin da aka samu Baba ya sayi dalmar halal daga wani garaji da aka rufe, wutar ba ta sake mutuwa ba. Shinkafa ta dawo gidan. Ƙannena suka ciko. Inna ta koma ajiye kwanon Baffa a ƙofar ɗakinsa, har da nama, ya ci, ya ce an gode. Gaskiya ke nan, ba zan ɓoye ba: injin nan shi ya fitar da mu daga wannan damina. Amma duk Juma'a in an sauko masallaci, Baffa yakan wuce ɗakinsa ya tafi kusurwar madafa, inda mai ya yi baƙin tabo a ƙasa, ya tsaya kaɗan, sannan ya tuna. Bai kai wani azumin ba. Farfelar aka sa ta tokare rufin madafa, tana nan har aka rushe gidan.

Baba ya rayu shekaru da yawa bayan haka. Labarin da ya fi so ke nan. In baƙo ya zo, sai ya nuna hannuwansa ya ce da waɗannan ya tayar wa yayansa jirgin sama, ranar da tsohon ya gaza, kuma duk Birik ta gani. Ina zaune ina ji. Na wanke shi da hannuna ranar da ya rasu, ban faɗa masa ba.

Yanzu ina gyaran babur a Nkomkana, gwiwoyina sun gaji, idona ma ya fara. Filin mangwaron bene ne, ƙasansa shagon waya. Jirage suna wucewa can sama, ba ka jin komai sai sun yi nisa, kuma ba yaron da ke ɗaga kai. Yaran da ke koyo a wurina in inji ya ƙi, sai su hau shi da ƙafa kamar sun kama ɓarawo. Nakan ce su tsaya, magana yake yi musu. Su yi dariya su ce Baba Habu ya fara. Tukunya ɗaya Inna ta hana a sayar, 'yar madaidaiciya, yanzu tana wajen matata. Ta sha wuta fiye da shekara talatin, ba ta tsage ba, ba ta yi rami ba. In ana wanke ta cokali ya bugi bakinta, amon yakan shigo har ɗaki, in ajiye abin da nake yi. Tuwonta yana da daɗi, kowa ya faɗa. Ni dai ban taɓa ƙoshi da shi ba.